Gurbi Tamanin

Layi ɗaya, gurbi tamanin.
Haka Don Eladio ya koya mini
ran da na kama aiki a Santiago,
yatsansa mai rawa yana bin allon kwamfuta:
"Ƙasa ba ta san ladabi ba, Nélida.
Duk ihun da ta kurma,
a cikin ɗakunan nan za ki kwantar da shi."

Shekara na da gurbi huɗu,
wata biyu, rana biyu,
sai sa'a, da agogon da duniya ta haɗu a kansa,
wanda ya riga darenmu da awa huɗu.
Zurfi a kilomita. Ƙarfi, lamba da ɗigo da lamba.
In ɗigo ya zame taku ɗaya,
girgizar da aka yi ƙarƙashin teku
sai ta koma ƙarƙashin gadon wani.

Tashoshinmu kunnuwa ne da aka binne,
daga hamadar arewa har dazukan kudu masu ruwa.
Kowace da sunanta, harafi huɗu,
kowace da layinta:
yaushe igiyar farko ta ƙwanƙwasa,
yaushe ta biyu ta iso da jijjiga.
Tsakanin sallama da shigowa
a nan nisa yake ɓuya.

Daren Yuni, ƙarfe uku saura,
shayina ya huce,
sai zaren da ke kwance a allo ya tashi tsaye.
Temuco ta ji. Concepción ta ji.
Valdivia ta ji a makare.
Tashar da ke bayan Tirúa,
kan tudun da babana ke kiwon tumaki,
ta kawo igiyar farko
ta yi tsit.

Na kira waya. Iska.
Na sake kira.

Gurbin igiya ta biyu na kallona, baki buɗe.
Yatsana ya kai kan sifiri,
sai na ji tsohon, shekara shida da barin aiki:
"Sifiri shaida ce, yana nufin an auna.
Abin da ba ki sani ba, bar shi fayau.
Shiru ma magana ce."

Na bar shi.
Na cike na sauran da hannu mai sanyi.
Zurfi ashirin da uku. Ƙarfi shida da ɗigo ɗaya.
Kuskuren lissafi ma an ware masa layi,
ga inda za a sa sunan mai dubawa, harafi uku kacal.
Na duba sama da ƙasa,
ban ga gurbin da ake tambayar
ko rufin kwano ya riƙe ba.

Sai da gari ya waye ya kira,
muryarsa cike da ruwan sama.
Buta ta faɗo daga murhu, in ji shi,
bangon rumbun dankali ya tsage,
goɗiyar nan Canela ta fara haniniya
tun ƙasa ba ta motsa ba.
"Akwatinku na kan tudu fa,
itace ya danne masa waya.
In kai masa bargo?"

Na yi dariyar da ta jiƙa mini fuska.

A gindin fayil akwai layin sharhi,
nan kaɗai ake barin mutum ya yi magana da bakinsa.
Na rubuta: tasha ta yanke, itace ya faɗa kan waya.
Na ƙirga. Da sauran wuri.
Na ƙara: mutanen tudu lafiya.

Wata rana wani ɗalibi a wata nahiya
zai zuba fayil dubu hamsin cikin na'ura,
na'urar ta tsallake layin nan ba ta waiwaya ba.
Ba komai.
Na adana, na kashe fitila,
na fita kan titin da yake kwance
kamar bai taɓa yin komai ba.