Gidan da Ya Sunkuya

A bakin mashigin ruwa na Harlingen
gidaje sun jeru kafaɗa da kafaɗa
kamar masu jiran rabon gado,
kowa siriri, kowa dogo,
kowa ya ɗan sunkuyo yana leƙen ruwa.

Mai lamba goma sha bakwai aka kira ni.
Faɗinsa taku bakwai, da ƙafata na auna.
Zurfinsa kuwa, ka shiga ka yi ta tafiya
har ka manta launin ƙofar da ka shigo.

Sjoukje ta buɗe mini, tamanin da ɗaya a duniya,
ta ce, "Kafinta, tagar sama tana shigo mini da teku.
Iska na kwana a gadona kullum
kuma ba ta biyan haya."
Na ce a cire a sa sabuwa.
Ta kama hannuna ta kai ni waje,
ta nuna ɗan allo da aka kafe a bango:
tambarin hukuma, gidan tarihi ne.
Ba a sauya taga, ba a sauya fenti,
ƙusa ɗaya ma sai an cika takarda.
Ta ce, "Ni da shi duk mun tsufa,
amma shi kaɗai doka ta san da zamansa."

A saman ƙofa akwai kifi na dutse, wutsiyar ta gutsure.
Da shi ake kwatancen gidan
tun ba a san lamba ba.
Can a ƙololuwa ƙugiyar ƙarfe ta yi tsatsa.
Da ita aka ja buhunan hatsi hawa huɗu,
don haka maginin ya sa bangon ya sunkuya,
kada kaya su goge masa fuska.
Ashe ba tsufa ya tanƙwara shi ba,
haka aka haife shi.

Wani Hidde Sytsma ya gina, in ji ta,
fatake ne na katako.
Jirgi uku yake da su, biyu suka dawo.
Matarsa ta sayar da ɗakin ƙasa ga mai dafa igiya a kwalta,
har yau in damina ta yi nisa
ƙaurin na tasowa ta tsakanin alluna.
Gishiri na tsattsafowa daga bulo fari fat
kamar furfura a gemu.
A jikin dogarin ƙofa akwai zane biyu:
ɗaya tsayin yaro,
ɗaya inda ruwa ya kai a shekarar da ya shigo gari.
Na ruwan ya fi.

Kwana tara na yi a kan tagar.
Na sassaƙe ruɓaɓɓen, na bar mai rai,
na yi wa itace faci da ɗan'uwansa.
Ranar ta shida da na ɗaga madogarar
sai ga rubutu da baƙin gawayi,
harafi biyu da shekara,
da guntun lofe na yumɓu an cusa a rami.
Wani ya tsaya nan inda na tsaya,
gwiwarsa na ciwo kamar tawa,
ya tsine wa wannan iskar
ya koma bakin aiki.
Na zaro fensir daga bayan kunne
na sa nawa ƙarƙashin nasa,
na mayar masa da lofensa, na rufe mu.
Wannan ban cika masa takarda ba.

Da na gama ta hau bene a hankali,
mataki ɗaya, numfashi biyu,
ta ɗora tafin hannu a gefen gilashi.
Shiru.
Ta daɗe a tsaye.

Ta ce, "Ka iya aiki.
Amma gobe ka zo da ɗan kurfinka
ka rage mini kafa, ko ta tsinin allura.
Ta nan nake jin jiragen kifi sun dawo."