A Ƙarƙashin Doka

Kwana uku marka ba ta ɗaga ba.
Ran na huɗu Inna Yelwa ta buga min ƙofa da sanda:
“Tashi, Tanimu, ƙasa ta haihu.”

Muka bi ta bayan Shika, raɓa har gwiwa,
ita da ƙwarya, ni da tsoro,
don tun ina yaro aka ce min
duk abin da ya tsiro dare ɗaya laimar kwaɗi ce,
wanda ya ci, sai dai a ji labari.

Ba ƙasa take duba ba, sama take duba.
“Nemi doka,” ta ce,
“wannan baƙo ba ya sauka sai a gindinta.”

Sai ga shi tsakanin ruɓaɓɓen ganye,
kamar an fasa ƙwai an bar gwaiduwa,
baki a karkace kamar mazurarin mai manja.

Na kai hannu. Ta buge shi.
“Naman kaza iri-iri ne, wani na miya, wani na kabari.
Juya shi tukun. Ka ga ƙasansa?
Ba haƙarƙari ba ne mai ɓallewa,
tamoji ne irin na goshina,
suna rabuwa biyu, suna gangarawa har ƙafa.
Tsaga shi. Ya yage sili-sili kamar ƙirjin zakara,
ciki fari, ba rami, ba ya tsatso nono.
Shinshina.”
Na shinshina: mangwaron da ya kusa nuna.

“Wanda ka gani jikin kututture,
cunkus kamar 'yan kallon dambe,
ko ya fi wannan kyau, yi masa sallama ka wuce.
In ka yi shakka, bar wa kwaɗi abinsa.”
Ƙananan kuwa ta rufe su da ganye.
“Na jibi ne.”

A gida ba ta jiƙa shi ba,
da gashin tsuntsu ta share masa yashi.
Busasshen kasko, ba ɗigon mai,
har ya yi gumi ya shanye guminsa,
sannan man shanu, albasa, attarugu ɗaya,
daddawa kamar kan yatsa, gishiri a ƙarshe.
Na kai lomar tuwon dawa,
na manta baki yana da wani aiki.

Bana ni kaɗai na koma,
gwiwarta ta ƙi hanya.
Na tarar da kututture a jere
kamar kujerun gidan makoki,
da baƙin tabon da masu gawayi suka bari.
Na yi yawo har azahar. Bakwai na samo.

Ta ƙirga su a tafin hannu, ba ta ce uffan ba.
Ta jawo kurfoti, ta ɗauki gawayi guda,
ta juya shi, ta shinshina,
kamar dai yadda ta koya min.
“Doka ce,” ta ce.
Ta hura wutar duk da haka.

Da muka zo rabo, ta tura min huɗu.