Zauren da Ba a Shimfiɗa Tabarma

Tun daren jiya na bi su ɗai-ɗai
daga ɗakina a Garwa, bayan 'yan albasa:
"Kina ji na? Yi magana. Ƙara dai."
Tun ran gini ake zane,
ba na son taron tsintsiya babu shara.

Tara saura kwata na buɗe ƙofa,
ƙofar da ɗan yatsa ne mabuɗinta.
Suka fara leƙowa, kowa ta 'yar tagarsa:
Tasalla daga Marwa da goyo a baya,
Abakar daga Kusiri, babura na gurnani a kunnensa,
Baba Hammajoda daga Lagdo,
hularsa kaɗai muke gani, sai rufin kwano.

Na bar musu minti goma na gaisuwa.
Ina gajiya, ina zafi, yaya ruwan Binuwai?
Ba a kama hannun aiki
kafin a san yadda mutum ya kwana.
Sannan na ɗaure bakin kowa da maɓalli guda,
amma zakaran Tasalla ya riga ya faɗi nasa.

Injiniya Barkindo daga Yaunde
ya zo da shafi arba'in kan ajiyar albasa.
Kwata na roƙe shi.
A shafi na sha tara na fara ƙirga tagogi:
sittin da uku, hamsin da takwas, hamsin da ɗaya,
suna mutuwa kamar fitilun unguwa bayan isha.
Na rubuta masa a ɓoye:
"Ranka ya daɗe, ka tambaye su wani abu."
Ya yi tari, ya cire tabarau.
"Buhu nawa ya ruɓe muku bara?"

Kai! Kamar an watsa wa kaji tsaba.
Tara. Ashirin. Rabin rumbu.
Wata ta ce kuɗin makarantar 'yarta ne ya yi ruwa.
Fuskoki suka dawo, har da waɗanda na ɗebe wa tsammani.

Nan wuta ta ɗauke.
Fanka ta yi juyi biyu ta haƙura.
Na kwashi taron a tafin hannuna
zuwa gindin darbejiya, inda rezo ke da ɗan kirki,
gumi na bin gwiwar hannuna.

Akwai wanda ba zai taɓa ɗaga hannu ba
sai an kira sunansa.
"Baba Hammajoda, ba mu ji ta bakinka ba."
Hular ta motsa.
Ya fara da Fulatanci, ina juyawa a hankali:
"Mahaifina bai taɓa kwantar da albasa a ƙasa ba.
Kafin ka ɗora ta bisa rumfa, sai ka…"

Ya daskare.

Baki a buɗe, yatsa a sama.
Minti ɗaya. Biyu.
Kurciya na kuka a kaina.
Na dubi lissafi: sittin da biyu.
Ba wanda ya fita.
Har injiniya ya ɗauko biro yana jira.

Da ya dawo, yana cewa, "…to, shi ke nan sirrin."
Dariya ta ɓalle daga Marwa har Njamena.
Ya maimaita, bai ji haushi ba:
a bar ta ta sha iska da ganyenta
har wuyanta ya bushe kamar igiya.

Kafin kiran azahar na sallame su,
bayan kowa ya faɗi abu ɗaya da zai gwada bana.
Mutum sha ɗaya hanya ta yar da su,
na naɗa musu murya, su ji da daddare.

Ba tabarmar naɗewa, ba kofin wankewa.
Akuyar maƙwabta ce kawai ke kallona.
Amma wayar nan da ɗumi take a tafina,
kamar na gama musabaha da mutum sittin.