Gora Biyu a Akwatin Kofur Arzika

Bayan sadakar arba'in
Gwaggo Yalwa ta kwance makulli daga gefen zanenta,
muka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa.
Murfin ya yi ƙara, awakin gidan suka ɗaga kai.

Jar dara ce a sama, asu ya ci rabin tuntunta.
Lambobi uku a ƙulle cikin tsumma,
kan wani sarki a jiki, wanda bai taɓa shan ruwan Rima ba.
Sai littafin albashi.
Inda aka ce a sa hannu, babban yatsa ya dangwala,
na ɗora nawa a kai, ya fi ni faɗi.

Mu a Rijiyar Ɗorowa mai gyaran keke muka sani,
mai tauna goro da haƙora huɗu,
wanda in ruwa ya sauko kan kwano cikin dare
sai ya tashi zaune, ya jingina da bango,
ba ya komawa barci har kiran assalatu.
In an tambaye shi Bama sai ya ce,
"Ƙasa ce wadda rigarka ba ta bushewa,
matsattsaku na shan jininka kana tahiya."
Daga nan ya nemi sifana.

Can ƙasan akwatin, gora biyu na ƙarfe.
Ɗaya tasa, ta lotse a ciki.
Ɗayar an karce ta da bakin wuƙa, da ajami:
Labbo na Kware.

Gwaggo ta ce tare suka hau mota, tare suka ga teku,
tare suka ɗauki kaya a ka cikin kurmi.
Ya dawo, ya je Kware sau uku da gorar nan a hannu,
sau uku yana kaiwa ƙofar gidan
ya ji tsohuwa na daka, ya juyo.

Kaka, lambobin za mu goge da toka da lemun tsami.
Darar, Ummaru ƙarami ya riga ya kifa a kai,
ta rufe masa ido, yana ta sara wa randa.

Gorar Labbo kuwa na wanke ta, na cika da ruwa, ba ta yoyo.
Jibi Lahadi zan hau motar Kware.
Ban san wa zan tambaya ba.
Zan dai yi sallama.