Ƙusa Ta Ɗaya

Da makulli ɗaya na fara,
na gidan Doña Eduviges, can ƙolin tudu,
matakala ɗari da arba'in da biyu,
gwiwa ce ta ƙirga su, ba baki ba.
Za ta Santiago a duba mata ido,
ta bar mini kyanwa mai kunne ɗaya
da 'yar takarda: "Kifi da safe. Ban da tsawa."
Da ta dawo ta danƙa mini peso dubu uku
da burodi mai ɗumi naɗe a jarida.

Valparaíso gari ne da aka rataye a jikin dutse.
Kowa da tafiyarsa,
kowa da mai numfashin da zai bari a ɗaki.
Mai kare ya gaya wa mai zomo,
mai zomo ya gaya wa wani matuƙin jirgin ruwa
da akunsa ke kiran matar da ta rasu.
Wane tudu, wane gangare,
kafin ruwan Yuni ya zagayo
makullai tara ke kaɗawa a ƙuguna,
karnukan unguwa na jin tafiyata tun daga kwana.

Wani dare na zauna da littafin lissafi.
Kuɗin mota. Takalma biyu da suka huje.
Maganin cizon da Pirata ya yi mini a dunduniya.
Abin da ya rage ko haya bai kai ba.
Ashe da kwando nake ɗiban ruwa.
Ƙanwata Maite ta leƙo ta kafaɗata:
"Ximena, amana kike sayarwa,
kina karɓar kuɗin shara."

Sai na ƙara farashi.
Sau shida na rubuta saƙon, na goge biyar,
na tura, na kife wayar a kan tebur
kamar mai jiran sakamakon asibiti.
Mutum uku suka karɓe makullansu,
ɗaya har yau yana kau da kai a kasuwar kifi.
Shida suka ce, "Da ma muna mamakinki."

Nan na koyi yi wa wahala suna da kuɗi:
leƙawa daban, kwana daban,
allurar suga ta tsohon kare daban.
Hoton yamma kyauta ne,
shi ke sa matafiyi barci a baƙon gari.
Na ɗauki Nicanor, ɗalibi mai dogayen ƙafafu,
na ɗauki Fresia, wadda kyanwoyi ke bi ba dalili.
A Fabrairu, da gari ya watse hutu,
abin da ya shigo ya ninka na bara sau huɗu.
Na sayi katako, na kafa ƙusa sittin,
kowane makulli da lamba, babu suna.

Yanzu da waya nake kwana, da jadawali nake tashi.
Akwai karnukan da ke biya mini haya
ban taɓa jin ɗumin hancinsu a tafina ba.
Na san nauyinsu, na san sa'ar maganinsu,
ban san inda suke so a sosa ba.

Ƙusa ta ɗaya dai ba mai taɓa ta.
Nicanor ya ce, "Kawo, ai hanyata ce."
Na ce a'a.
Doña Eduviges ta daina tafiya ko'ina,
idon ya tafi, bai dawo daga Santiago ba,
amma duk Talata takan kira:
"Zo ki duba mini ita, kamar ta rame."
Ba ta rame ba. Mu ukun mun sani.

Dubu uku, da burodi.
Maite ta zagaye layin da jan biro,
ta rubuta "asara" a gefe.
Na bar mata rubutunta.
Na ɗaure takalmi,
ina hawa, gwiwa na ƙirgawa,
a ta tamanin na tsaya na sha iska,
wayar na ta ruri a aljihu,
can sama kunne ɗaya ya leƙo ta taga.