Mai Hatimi a Bakin Hanya

Tun kafin Sabela ta ja igiyar ƙararrawa
nake jin sandunansu a kan duwatsun hanya,
ƙwas, ƙwas, kamar kaji na tsintar hatsi.
Suna isowa da ruwan sama a kafaɗa,
ƙwanson katantanwar teku na lilo a jakunkuna,
kowa da tambaya ɗaya: Santiago saura nawa?
In ce kwana uku, in ƙafa ta yarda.
In tsoma hatimi a tawada in danna,
su duba, su yi murmushi, su wuce.

Ni ba na wucewa.
Shekara ashirin da shida ke nan
ina fada a ƙauyen da kowa ke ratsawa.

Na taɓa yin tafiyar, ina saurayi,
wata guda cur, daga bayan tsaunuka.
Na tuna bororon da ya fashe a dugadugaina,
na tuna hayaƙin turare a babban coci
da kukan da na sha ba kunya.
Na ɗauka a ranar na isa.
Ashe rakiya ce aka yi mini zuwa bakin ƙofa.

Yanzu Misar safe mutum tara ne,
goma idan gwiwar Ramiro ta yi sauƙi.
Rufin na yoyo daidai kan kujera ta uku,
mun sa bokiti, yana amsa mana Amin.
Littafin baftisma ya yi ƙura a ɗaki,
na jana'iza kuwa, sau biyu na sake masa bango.
Jiya an kusa dambe a kan furannin bagade,
Dosinda ta ce nata aka tura baya.
Na sasanta su da kyar,
na koma gida kaina na sarawa,
na ce, Ubangiji, wannan ce garken?
Bai ce komai ba. Ruwa ya ci gaba da zuba.

Wani lokaci ina kishin masu jakunkuna.
Tasu hanya tana da kibiya, tana da ƙarshe,
a ƙarshen kuma akwai takarda.
Wata yarinya daga nesa ta durƙusa gabana,
ta furta zunubanta da harshen da ban sani ba.
Na ji nauyin, ban ji kalmomin ba,
na yi mata alamar gicciye,
ta tashi sakayau kamar an sauke mata dutse.
Su kuwa nawa, na san zunubansu tun kafin su buɗe baki,
su ma sun san nawa.

Ran Alhamis nakan hau tudu wurin Erundina.
Shekarunta casa'in da ɗaya, ido ya tafi,
amma hannu bai manta kwaɓin burodi ba.
Ina ɗauke da Jikin Almasihu a ƙirjina,
in bi ta gonar kabeji, in tsallake rafi,
karen Ramiro ya raka ni har gada ya juya.
Wani dare na zauna na yi lissafi:
hawa da saukar nan, in an jera su,
sun kai Santiago sun dawo ban san sau nawa ba.

Ta karɓa, ta yi shiru, ta haɗiye.
Sai ta lalubo hannun rigata ta riƙe,
ta ce, Uxío, ka rame, wa ke ba ka abinci?
Ita kaɗai ta rage mai kirana ba tare da Fada ba.

Da na sauko yamma ta yi,
baƙi huɗu na jira a ƙofar coci, jiƙe sharkaf.
Na ɗaga hannu zan danna hatimi,
sai na ga shatin babban yatsanta
da garin alkama, fari fat,
a kan baƙin yadin rigata.

Ban kakkaɓe ba.
Ɗayansu ya ce, Fada, saura nawa?