Motar da Ta Koyi Tsayuwa

Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan bas
tsakanin Trujillo da Cáceres,
ban taɓa ganin mota abin tsoro ba
sai da Bruma ta zo gidana.

Doguwar karyar farauta, ƙafafu kamar sillen kara,
haƙarƙarinta kana ƙirgawa daga bakin ƙofa.
A gefen titi aka tsince ta, ƙarshen Fabrairu.
Farauta ta ƙare, amfaninta ya ƙare,
wani ya buɗe ƙofa, ya tura ta, ya taka wuta.
Ta bi hayaƙinsa har tafin ƙafarta ya tsage.

Ranar farko da na sa ta a kujerar baya,
ko kwana ɗaya ban karya ba
ta kama rawar ɗari da tsakar rana,
yawu na dalala kamar famfon da ya lalace,
ta amayar da abin da ta karya da shi.
Jikin karya ba ya ƙarya.
Ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Inmaculada, likitar dabbobi, ta ce:
"Eusebio, akwai ƙwaya, in ta kama za mu ba ta.
Amma fara da zama.
Ka shiga motar, kada ka je ko'ina."

Ni direba, a ce in zauna?

Na zauna.
Kowace yamma ƙarƙashin zaitun na bayan gida,
ƙofofi huɗu a wangale, inji a kashe,
ni da jarida, ita can nesa tana leƙe.
Anselmo maƙwabcina ya jingina da katanga:
"Yau kuma ina aka nufa, Madrid?"
Na ce masa mun kusa isa.

Kwana tara kafin ta ɗora ƙafa ɗaya.
Guntun cuku a bakin ƙofa, wani a kan kujera.
Na shimfiɗa mata rigar sanyin Remedios,
wadda na kasa bayarwa tun rasuwarta.
Ta shinshina, ta juya sau uku, ta kwanta a kai.
Ni ne na fita
na ɗan tsaya bayan bishiya.

Sai kunna inji, minti ɗaya, a kashe.
Sai baya-baya zuwa ƙyaure, a dawo.
Sai zagayen dandali, inda shamuwa
ke kaɗa baki a kan hasumiyar coci.
Taga a sauke faɗin yatsa biyu,
ciki ba nauyi, rediyo shiru,
birki a hankali kamar na ɗauko ƙwai.
Wata rana mu ci gaba,
wata rana ta ƙi, mu koma farko.
Sannu ba ta hana zuwa.

Cikin Mayu muka hau babban titi.
Ban san wurin ba, ita ta sani.
Kusa da wata tsohuwar gada
numfashinta ya sauya, kuka ƙasa-ƙasa,
farce na karce kujera.
Na gangara gefe, na tsaya.

Da na buɗe ƙofa ta maƙale can ƙurya,
ido waje: yau ma ke nan.

Sai na fita ni kaɗai,
na zauna a kan ciyawa, igiyarta a hannuna,
gwiwoyina na ƙara, manyan motoci na wucewa.
Ta daɗe.
Ta sauko, ta sha ruwa a tafin hannuna,
ta shinshina iskar wurin.
Na ce, "Taho, gida za mu."
Muka koma tare, ita ta riga ni shiga.

Ba ta warke duka ba, ni ma haka.
Har yanzu tana haki in an ci kwana da sauri.
Amma jiya a hanyar zuwa wurin 'yata
na leƙa madubi ban gan ta ba,
gabana ya faɗi.

Ashe barci take,
haɓarta a kan hannun rigar Remedios.